Maɗaci Ashirin a Cikin Leda

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da Baba Iro ya nemi aron fartanya a gaban jama'a ba. Ko na so in manta, 'yan katako ba za su bari ba.

Bari in ɗauko daga farko, don ba na son labari a hargitse. Ƙungiyar masu sana'ar itace ta yankinmu, wato 'yan katako da kafintoci da masu renon dashe tun daga Bebeji har Doguwa, tana fitar da 'yar mujalla duk wata uku. A ciki akwai farashin katako, da labarin gobarar daji, da wanda ya buɗe sabuwar rumfa, da nasiha kan dasa bishiya. Ni aka naɗa edita, saboda na daɗe ina akawu a wata rumfar katako a Tudun Wada, kuma an san ba na wasa. (Karatuna bai wuce sakandare ba, amma ko mai digiri bai kai ni jan layi da rula ba.) Abin da ba wanda ya tambaye ni shi ne ko na taɓa dasa bishiya. Ni itace sai ya zama falanki nake gane shi.

Gab da damina na tafi Tiga wurin Baba Iro, dattijon da ke renon dashe a cikin baƙaƙen ledoji a bakin ruwa. Na ce ya koya mini yadda ake dasa maɗaci. Yana aiki yana bayani, ina rubutawa. Da na dawo gida na duba takardata, sai na ga mataki goma sha ɗaya. Goma sha ɗaya! Ni kuwa na riga na rubuta kanuna: "Matakai Goma na Dasa Maɗaci". Dole ɗaya ya tafi. Idona ya sauka kan na bakwai: a yage ledar, a cire ta kafin a sa dashen a rami. Na ce wannan ai ƙaramar magana ce. Leda ruɓewa za ta yi, kafin nan ma ta kare saiwa daga gara. Na ja masa layi da jan biro, raina fari tas.

Don in nuna wa masu karatu misali, na sayo dashe ashirin na dasa a bayan ofishin ƙungiya. Na ja igiya don layi ya miƙe, na kafa wa kowanne lamba, na bi matakaina goma ɗaya bayan ɗaya.

Bayan shekara wasiƙa ta zo daga wani manomi, Malam Sabo na Badafi. Ya ce, "Edita, na bi matakanka goma. Maɗacina bai wuce gwiwa ba, na maƙwabcina da bai iya karatu ba ya kai ƙirji. Ina matsalar take?" Na buga wasiƙar, na ba shi amsa a ƙarƙashinta: "Malam Sabo, matakai ba su da laifi. Na farko, ka sake karantawa. Na biyu, ka bi su a jere. Na uku, ka daina ɗora wa mujalla kasalarka." (Nawa maɗatan ma a gwiwa suke a lokacin. Na dai gaya wa kaina harsashi suke ginawa a ƙasa.)

Sai babban taron ƙungiya ya zo, wanda a nan ne za a yanke ko in ci gaba da zama edita ko a ba wani. Kujerar nan kuwa ina sonta, don tun da nake ba a taɓa miƙe mini a taro ba sai da na hau ta. Saboda haka da hannuna na ƙara abu guda a jadawali: ziyarar gonar gwaji ta edita, tare da mai hoto, don bangon fitowa ta gaba.

Na sa fararen kaya, na tsaya a kan layi, na karanta matakan da ƙarfi. Baba Iro ya ratso cikin jama'a. Ya tsuguna gaban lamba ɗaya, ya murza wani ganye da ya yi rawaya.

"Edita, yaushe aka dasa waɗannan?"

"Damina biyu ke nan, Baba."

"Damina biyu? Ko azumi ka sa su?"

Aka yi dariya, ni ban yi ba. Ya ce a ba shi aron fartanya. Wani mutum mai faɗin kafaɗa ya miƙa masa da sauri, ya juyo ya gaishe ni da ladabi: "Barka da aiki, Edita. Ni ne mai kasalar Badafi."

Sara uku Baba ya yi, ya ɗago dashen gaba ɗaya. Ga leda nan baƙa, lafiyarta ƙalau. Ya yage ta, saiwar ta naɗe a ciki kamar gammo.

"Ikon Allah," in ji Baba. "Yaro, ba dasa su ka yi ba, ajiya ka ba ƙasa. Ina cewa na ce maka a cire leda?"

Na shiga juya takardar matakaina. Malam Sabo ya ce, "Baba, a tono lamba biyu. Edita ya ce a riƙa bin abu a jere."

Haka aka bi su har ashirin, Malam Sabo yana kiran lamba, mai hoto yana ɗauka, kafintoci na riƙe ciki. Ni kuma aka riƙa tara mini ledojin a hannu, kan fararen kayana.

Alhaji, shugaban ƙungiya, ya tambaye ni wa ya cire matakin. Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Goma sha ɗaya ba ta shiga tsari ba." Ya daɗe yana tari cikin hannun rigarsa kafin ya iya magana.

"Tun da kana son abu a jere, ga shi. Na farko, kujera taka ce, don ba ka ɗora wa maɗaba'a laifi ba. Na biyu, hoton nan naka da ledoji shi ne bango. Na uku, duk wanda ya bi matakanka, za ka je gonarsa ka tone da hannunka. Ka fara da Badafi."

Kwana biyu na yi a gonar Malam Sabo. Shi yana zaune a inuwa da mujalla a hannu, yana karanta mini amsar da na ba shi, a hankali, sakin layi bayan sakin layi.

Ba a taɓa rububin mujallarmu kamar wannan fitowa ba. Har yau in na sauka a Kwanar Ɗangora sai wani ya ɗaga murya, "Malam Leda, an zo lafiya?" Ina amsawa, don ba yadda zan yi. Yanzu kuwa in dattijo ya ba ni mataki goma sha uku da rabi, goma sha uku da rabi nake bugawa, rabin ma da manyan baƙaƙe.