Hatimin Farfesa Thorsgaard

Duk wanda ya ce ba a taɓa yin gwani a jami'armu ba, to bai riski zamanin Farfesa Alden Thorsgaard ba ne. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar sanin komai, ya kuma hutar da shi wahalar koyo. Dogo, ga tumbi daidai misali, ga lofe a baki wanda ba ya kunnawa, sai dai ya riƙa nuna mutane da shi. A shekarun sittin, lokacin da kwamfuta guda take cinye ɗaki guda, shi ne shugaban sashenmu. A faɗarsa, shi ya fara tunanin kwamfuta tun yana yaro a gonar ubansa can Minnesota, wasu ne dai suka riga shi samun ƙarfe. Mu ƙananan malamai muna kiransa Angon Na'ura. A bayan idonsa ke nan. A gabansa kuwa, sai ranka ya daɗe.

A lokacin da kati muke magana da na'ura. Kowane umarni kati guda, a huda shi, a jera a akwati daga na farko har na ƙarshe, kuma in ɗaya ya tsallake ɗan'uwansa to aikin ya wargaje. Shi ya sa kowa in ya gama jerinsa sai ya ɗauki alƙalami mai kauri ya ja layi a karkace a gadon bayan katunan, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ran da akwati ya suɓuce, kuma wallahi sai ya suɓuce wata rana, layin nan ne zai nuna maka mazaunin kowane kati.

Farfesa bai taɓa jan layi ba. "Layi na masu rawar hannu ne," in ji shi. "Ni tun da aka haife ni ban taɓa yar da ko cokali ba." Katunansa fari fat, a cikin wani akwatin katako mai ƙyalli da aka sassaƙa sunansa a murfi. A ciki ne babban aikinsa yake kwance, wanda saboda tawali'u ya sa wa suna Tsarin Thorsgaard. Aikin nan, ka ba shi sunaye a hargitse, ya jera maka su bi da bi. Ya ce da shi duniya za ta daina ruɗewa.

Da farko fa na'urar ba ta san girman wanda take hulɗa da shi ba. Ya zuba mata katuna, ta tofo masa takarda cike da ƙorafi: wannan ban gane ba, wancan ban gane ba. Aka ce ga littafin kamfanin da ya ƙera ta, ya duba. Ya kalli littafin shekeƙe. "Ni zan karanta littafin masu sayar da ƙarfe? Su dai su karanta ni." To ana nan, wata rana yatsansa ya zame ya huda harafin C a farkon wani kati. Ya zuba. Na'ura ta haɗiye, ko tari ba ta yi ba. Ya sake gwadawa a wani katin da ta sha ƙi, nan ma shiru. Kai, ranar ba mu ci abincin rana ba, taro ya kira.

"Yara," ya ce, yana nuna mu da lofe, har da masu furfura a cikinmu, "yau na horar da ita. Na gano alamar da in ta gani take ladabi. Ku rubuta a tarihi: Hatimin Thorsgaard."

Kowa ya kama kallon takalminsa. Ɗalibin da ya yi mako ɗaya a sashen ya san ma'anar harafin nan. Cewa yake yi wa na'ura: wannan katin bayani ne don mutane, ba naki ba ne, wuce. Ba ladabi ta koya ba, izinin toshe kunne aka ba ta. Daga ranar, duk katin da ta yi wa gardama sai Farfesa ya buga masa hatimi. Akwati ya yi ta ƙiba, ƙorafi ya yi ta raguwa, har ya ƙare ƙaf. Kuma abin mamaki, sunaye suna fitowa a jere, don tun farko ya tsinci wani kati a cikin samfurin da kamfani ya bayar kyauta ya cusa a tsakiya, kuma shi kaɗai ne na'urar ba ta taɓa ƙi ba. Katin nan cewa kawai yake yi: ki yi amfani da tsarin jera sunayen da aka ƙera ki da shi.

Mutum ɗaya ya taɓa gwada faɗa masa, Irwin Pasternak, abokin aikina, mai bakin da ba ya iya ajiye magana. Bai kai ƙarshen jimlarsa ba Farfesa ya ce hassada mugun ciwo ce, ya kuma ɗora masa darasin sabbin ɗalibai na farar safiya duk tsawon hunturu. Irwin ya yi ta ratsa dusar ƙanƙara gemu na daskarewa. Mu sauran muka ɗauki darasi.

Da haka za mu ci gaba da zama lafiya, sai maganar waya ta taso. Gwamnati za ta ja layin da zai haɗa kwamfutocin jami'o'i, ta yadda kana zaune a ɗakinka za ka yi aiki da babbar na'urar da ke can bakin teku. A yankinmu jami'a ɗaya za a ba, ko mu ko maƙwabtanmu na ƙetaren kogi. Ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Na'urarmu tsohuwa ce, duk aikin da ya fi ƙarfinta sai mu ɗaure katuna a kwali mu sa a bas zuwa wani gari, mu jira kwana da kwanaki, kwali ya dawo da saƙon cewa an yi kuskure a kati na uku. Irwin kuwa shekarunsa na ƙuruciya duk ya zuba su a kan yadda na'ura biyu za su yi zance ta wayar tarho. Layin nan shi ne rayuwarsa.

Da aka ce kwamiti na zuwa duba mu, Irwin ya haɗiye girman kai ya je ofishin Farfesa.

"Ranka ya daɗe, ko za a ɗan ba ni dama in nuna musu nawa aikin? Ai shi suka zo nema."

"Wasan tarhon nan naka?" Farfesa ya yi murmushin tausayi. "Irwin, Irwin. Wanda ya zo ganin tafki ba a kai shi bakin famfo. Za su ga Tsarin Thorsgaard, za su roƙe mu mu karɓi wayar."

Muka lallashi kanmu. In dai akwatin ya shiga yadda ya saba, sunaye suka fito a jere, baƙi suka sha gahawa da kek, watakila daga baya a samu wanda zai leƙa ɗakin Irwin.

Ranar ta zo da sanyi mai yanke kunne. Baƙi uku ne, shugabarsu Dakta Winifred Sobczak, wata 'yar gajeruwar mace mai tabarau rataye a wuya, wadda ta fara aiki da na'urori tun lokacin yaƙin duniya kuma ba ta ɓata magana. Farfesa ya sa sabon takalmin fata. Kowa ya rufe nasa da na roba saboda santsi, shi ya ce roba ta 'yan aike ce. Ya rungumo akwati da kansa, ya buɗe murfin tun daga baranda don baƙi su ga farin katunan.

"Ku duba, babu layi, babu tabo. Hannun da ya san abin da yake yi ba ya bukatar..."

Yana tafe da baya-baya yana jawabi, ya manta da 'yar matakalar da ke bakin ɗakin na'ura, wadda yake hawa kullum. Dunduniya ta zame. Hannun da bai taɓa yar da cokali ba ya watsa akwati sama. Iskar sanyaya ɗakin tana hurowa ne daga ƙasa, sai ta karɓi katunan ta yi ta sheƙar su kamar ana sheƙar gero. Wasu ƙarƙashin tebur, wasu bayan kabad, ɗaya a cikin kofin gahawar baƙo. Lofe ya gangara can gefe.

Baƙin nan wallahi mutanen kirki ne. Babu wanda ya yi dariya, don babu wanda bai taɓa yar da akwati ba a cikinsu. Suka durƙusa tare da mu ana tsinta. Dakta Sobczak ta ce, "Sannu, Farfesa. Kowa ya ɗanɗana wannan. Ba layi a bayansu, ba za su jeru yau ba. Mu ga wani aikin, naka mu dawo masa wata mai zuwa."

Na ji Irwin ya riƙe numfashi a gefena. Ga ƙofa Allah ya buɗe.

Farfesa ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya maido da lofe baki. "Ranki ya daɗe, uba ba ya bukatar lamba kafin ya gane 'ya'yansa." Ya karɓi tarin katunan, ya daidaita kusurwoyinsu, ya sa katin buɗewa mai launin ja a gaba da na rufewa mai launin kore a baya kamar yadda kowa ke yi. Sauran kuwa ya lumshe ido yana shafa su, ya zaro wannan ya cusa can, yana gyaɗa kai kamar mai jin wahayi. Gumi dai na gangara a bayan kunnensa, na gani.

Ya zuba. Na'ura ta fara haɗiya, rat-tat-tat.

Ban taɓa ganin ɗaki cike da masana suna roƙon na'ura ta lalace ba sai ranar. Irwin ya matso kunnena, idonsa a kan na'urar: "Don Allah ki ƙi. Tsohuwa, ko sau ɗaya ki sake yi mana gardama." In ta ƙi, hatsari ne, a tausaya mana. In ta karɓa, to kowa a cikin baƙin nan ya san abin da hakan ke nufi: katunan ba sa aikin komai.

Ta karɓa, munafuka. Injin bugawa ya kama aiki, sunaye suka zubo a jere tsaf, babu ko ɗaya da ya kauce.

Farfesa kansa sai da ya yi turus, amma ba ya daɗewa a turus. Ya buɗe hannuwa. "Jama'a, kun shaida! Ko ni ban san na kai haka ba. Tsarin da ba ya wargajewa! A watsa shi, ya tattara kansa!"

Ɗaya daga cikin baƙin ya sunkuya ya zaro wani ƙunshin katuna daga ƙarƙashin tebur. "Ga waɗannan ma ba a sa ba."

"Ta haddace su," in ji Farfesa.

Dakta Sobczak ta ɗora tabarau a hanci. Ta ɗauki kati ɗaya ta karanta rubutun da ke samansa da ƙarfi: "A nan sai ki yi nazari mai zurfi." Ta ɗauki wani: "Ki tuna ni na fara gano wannan." Sai ta cire katin ja da na kore ta ajiye gefe. Ta kwashi sauran jerin gaba ɗaya, ta buga shi a tebur ya daidaita, ta ɗaga shi saitin fitila, ta kanne ido ɗaya tana leƙen hudar farko, wurin da ake buga harafin C. Duhu. Ta raba jerin biyu, ta ajiye rabin da haske ya ratsa, ta sake raba ɗayan, ta sake, har kati ɗaya tak ya rage a hannunta, mai tambarin kamfani a gefe. Ta haɗa sauran ta miƙa wa Farfesa.

"Leƙa."

Ya leƙa. Haske ya ratso tun daga katin farko har na ƙarshe, ya sauka a ƙwayar idonsa.

"Hatimina ke nan," ya ce da alfahari.

"Na gani. Wannan kuma," ta ɗaga guda ɗayan, "shi ne mai aikin. Kyauta ake ba da shi." Ta juyo ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan kallon ya fi mini ciwo a kan komai. "Ku duka kun sani?"

Babu wanda ya ɗaga kai. Ta sa rigar sanyinta. Ɗakin Irwin yana nan ƙofa biyu daga inda take tsaye, wayoyinsa a haɗe, ya share ko'ina tun jiya. Ba ta tambaya ba, mu ma kunya ba ta bar mu mun yi tayi ba.

Waya ta tafi ƙetaren kogi. Kafin ƙanƙara ta narke Irwin ya bi ta, kuma ban ga laifinsa ba, sai dai har yau in na wuce ƙofar ɗakinsa raina yana ɓaci. Mu muka koma ɗaurin kwali da jiran bas.

Farfesa kuwa ya bayyana cewa kwamitin bai kai matsayin fahimtarsa ba, kuma tarihi zai yi hukunci. Jami'a ta rasa yadda za ta yi da shi, sai ta ƙara masa girma, ta ɗora shi a kan sassa huɗu don ya yi nesa da ɗakin na'ura. Aka shirya liyafa. Ya tashi, ya gyara murya, ya nuna mu da lofe, ya fara daga gonar ubansa. Muna zaune a jere, hannu a cinya, kofunan gahawa sun huce, muna gyaɗa kai a inda ya kamata. Ta bango ina jiyo gurnanin tsohuwar na'urar tana ta harkarta, sai na ji kishinta ya kama ni. Duk jami'ar nan ita kaɗai ce Farfesa ya ba izini, da hannunsa da hatiminsa, kada ta saurare shi.