Uban Sauransu

Duk faɗin jihar Misisipi babu wanda ya kai Farfesa Thaddeus Pettiford ƙaunar yara masu buƙata ta musamman. Tsabar ƙaunar ce ma ta hana shi leƙa ajinsu shekara goma sha tara, don kada ya takura musu. Shi ne shugaban Cibiyar Gina Matasan Masana a 'yar jami'armu ta baƙar fata, kuma gini ake yi ba na wasa ba. Ofishinsa kaɗai sau uku ana faɗaɗa shi.

Tsarinsa mai sauƙi ne. Kai za ka yi binciken, kai za ka rubuta, shi kuma bawan Allah ya ɗauki wahalar ɗora sunansa a gaba. Duk inda aka ambaci aikin sai ka ji an ce "Pettiford da sauransu". Shi ya sa ƙananan malamai ke kiransa Uban Sauransu, a bayan idonsa dai.

Dakta Odessa Tillery tana cikin sauransun. Shekara uku tana jan tsohuwar motarta ta cikin gonakin auduga zuwa makarantun ƙauye, tana gwada kunnuwan yaran da aka ware a ajin masu jinkirin fahimta. Ta gano da yawansu ƙalau suke, malamar ce kawai ba sa ji sosai. Wata babbar mujalla ta karɓi takardar da ta rubuta a kan binciken, saura a aika jerin sunayen marubuta. Ga kuma dokar jami'a: malamin da ba shi da aikin da sunansa ke gaba, ba a tabbatar da shi a aiki. Kwamiti zai zauna a Afrilu, in babu, Odessa ta tattara littattafanta.

Ta je ta roƙe shi ya bar mata gaba sau ɗaya. Ya dube ta da tausayi.

"'Yata, wa ya san wata Tillery? Sunana ne zai goya ki. Kamata ya yi ki gode."

Ta gode ɗin, ta fita, ta sha kukanta a mota. Tana share hawaye ta tuna cewa mutumin nan ko shafin farko na takardar bai buɗe ba.

Kowace shekara Farfesa yana da taron da ya fi so. Ƙananan malamai su ajiye takardunsu a faranti ba suna, shi kuma ya ɗauki ta sama ya feɗe ta a gaban jama'a. Bana har da shugabar jami'a da baƙi daga ma'aikatar da ke tallafa wa cibiyar. Odessa ta jira kowa ya ajiye, sannan ta ɗora tata.

Farfesa ya gama da soyayyar tarwaɗa da burodin masara, ya goge yatsu, ya karanta rabin shafi. Sai ya cire tabarau a hankali, yadda baƙi za su gani.

"Kun ga abin da nake fama da shi. Muna zancen manyan ƙa'idojin ilimi, wani yana can yana leƙen kunnen yara. Shekara talatin ina wannan fage, daga layin farko nake gane aikin ɗan koyo. Ko ɗaure ni aka yi ba zan sa sunana a kan wannan ba."

Odessa ta ɗaga hannu.

"Yallaɓai, da gaske kake?"

"Ga shaidu nan, 'yata."

Ta miƙe ta gode masa, wannan karon har zuci. Ta ce takardar tata ce, mujalla ta karɓa tun watan jiya, kuma za ta bi umarninsa yau ɗin nan, ta aika jerin sunayen ba nasa. Shugabar jami'a ta buɗe rahoton cibiyar, ta tambaya cikin ladabi ko ba wannan takardar ce ya sa a shafin farko ba, a matsayin aikin da ya fi cin ƙarfinsa bana. Farfesa ya nemi a ƙaro masa shayi mai ƙanƙara.

Takardar ta fito da suna ɗaya, aka tabbatar da Odessa a Afrilu. Yanzu duk baƙon da ya zo, sai Farfesa ya nuna ta ya ce shi ya gina ta. Kuma ba ƙarya yake yi ba. A shekara goma sha tara ita kaɗai ya taɓa ginawa, ranar da ya cire hannunsa.