Sarkin Awo da Kifin Makokin Nasevani

Allah ya yi wa tsibirinmu baiwa iri-iri, amma babu kamar Peniasi Rokotavai, babban jami'in kula da kifi na gundumarmu. Kafin a haife shi, kifayen teku girma kawai suke yi cikin jahilci, ba mai sanin tsawonsa, ba mai sanin nauyinsa. Shi ya zo ya fitar da su daga duhu. Ya taɓa zuwa kwas na 'yan makonni a Suva, babban birnin ƙasarmu, ya dawo da takardar shaida, da tabarau, da wata sabuwar tafiya mai kama da ta agwagwar da ta ƙoshi. Tun daga nan ya daina cewa kifi ya yi ƙiba, sai dai "yanayin jikinsa ya gamsar da hukuma". Mu kuwa, don girmamawa, muka naɗa shi Sarkin Awo. Da ya ji labari, sai ya ce ashe har yanzu akwai masu hankali a ƙauye.

Aikin nasa fa aikin gaske ne. A ɗora kifi a kan katakon awo a ga tsawonsa, a ɗora shi a sikeli a ga nauyinsa, a tsaga ciki a duba kitse da ƙwai, sannan a ciro wani ɗan farin dutse a cikin kansa, mai zobba irin na kututturen itace, wanda ke nuna shekarunsa. Da haka ake gane ko kifin wuri yana samun abinci, ko kuwa kamu ya yi masa yawa. A wasu gundumomin, mutum uku da akwatin ƙanƙara sukan gama wannan kafin ruwan shayi ya huce. To, su ba su da Peniasi.

Da sarkin garinmu, Nasevani, ya rasu, aka kafa sanda a bakin murjani, wato duwatsun cikin teku inda kifi ke taruwa, aka haramta kamun kifi a wurin har ƙarshen makoki, kamar yadda aka gada. Ranar fita makoki ake cire sandar, gari duka ya shiga ruwa, a ciyar da baƙi da abin da aka kama. Manyan baƙinmu kuwa mutanen Lomaniwai ne, taubasanmu, waɗanda in ka yi tuntuɓe a gabansu sai jikokinka sun ji labari. Gwauruwar sarki, Adi Torika, ta ce ba ta neman komai a duniya sai a sallami mijinta da walimar da ba za a yi mata dariya ba.

Ana jajibiri Sarkin Awo ya iso a jirgin Waisake, mai jigilar mutane tsakanin tsibirai. Aka sauke katakon awo, da sikeli, da lasifika, da kujera mai hannu, da wani ƙyalle mai ɗauke da hotonsa yana rungume da kifi kamar ɗan da ya haifa. Akwatin ƙanƙara kuwa an baro shi a tasha, domin jirgin ba zai ɗauki akwatin da kujerar ba. Ma'aikatansa biyu ma a can aka baro su, don kada su shiga hoto.

Aka tarbe shi da ƙoƙon yangona, jiƙon saiwar da muke karrama baƙo da shi. Ya tafa, ya shanye, ya miƙe.

"Jama'ar Nasevani, ku gode wa Allah. Wurin da aka daɗe ba a kama kifi ba, ilimi yana bukatarsa fiye da ciki. Gobe ba mai fere kifi, ba mai tsaga shi, ba mai ɗora shi a wuta, sai ya bi ta hannuna ɗaya bayan ɗaya. Umarnin hukuma ne, kuma a nan ni ne hukuma."

Adi Torika ta ce, "Ɗana, baƙi da azahar za su iso fa."

"Inna, ki kwantar da hankalinki. Hannuna ya fi na'ura sauri. A Suva har tafi aka yi mini."

Da sassafe gari ya shiga ruwa, maza da mata, aka ja doguwar igiyar ganyen kwakwa aka kewaye kifin, ana buga ruwa ana waƙa. Tsofaffi suka ce rabonsu da ganin kamu irin wannan tun suna yara. Aka zube shi a kan ganyen ayaba, tsibi guda yana walƙiya. Duwatsun murhun rami sun yi jawur, mata sun matse madarar kwakwa, wuƙaƙe a hannu. Sai jiran Sarkin Awo.

Shi kuwa sai da aka ɗaura ƙyallensa. Aka ɗaura, ya ce hoton ya karkace. Aka gyara, ya ce rana tana bayansa, a juya teburin. Sannan ya ɗauki kifin farko, ya ɗaga shi sama, ya kama lasifika.

"Wannan da kuke gani, a wurinku kifi ne. A wurina littafi ne!"

Ya karanta littafin nan tun daga bango har bango. Ya auna tsawo, ya ce wutsiyar ta lanƙwashe, ya sake. Ya ɗora a sikeli, ya ce iska na kaɗawa, kowa ya daina motsi. Ya shiga neman ɗan dutsen kai, ya farfasa kan kifin har ya koma kamar dakakken rogo, dutsen ya yi tsalle ya faɗa cikin farin yashi. Sarkin Awo ya durƙusa yana nema, zanin da ya ɗaura irin na mazanmu ya kwance, ya riƙe da hannu ɗaya yana ci gaba da bayani da ɗayan. Da rana ta take tsaka, abin da ya bi ta hannunsa bai cika kwando ba.

Ƙudaje suka fara zuwa ɗaukar darasi. Semesa, mai magana da yawun gidan sarauta, ya matso cikin ladabi.

"Yallaɓai, ko a bar maka kashi ɗaya, mata su fara da saura?"

"Kashi ɗaya? Malam Semesa, ka taɓa ganin likita ya duba rabin mutum? Ku koma baya, kuna tare mini haske."

A garinmu ba a musu da baƙo, balle wanda ya sha yangonarmu. Aka koma baya. Ba don haske kaɗai ba ma, domin tsibin ya fara magana da hanci. Idanun kifayen suka dushe, cikkunansu suka fara tasowa. Mata suka ja gefen zani suka toshe fuska. Gwano kuwa ba ya jin warin jikinsa, balle na aikinsa.

Ana haka jiragen Lomaniwai suka iso. Ganin sababbin 'yan kallo, Sarkin Awo ya gyara tabarau, ya zaro wani ƙaton kifin da muke kira kawakawa daga ƙasan tsibin, cikinsa ya kumbura kamar ganga. Ya ɗaura masa tef a ciki, ya duba, ya ɗaga murya.

"Alhamdu lillahi! Ku dubi ƙiba! Tun da nake aiki ban taɓa ganin kifi mai cikakkiyar lafiya irin wannan ba. Har ƙara ƙiba suke yi a gabana! Wannan sakamakon tsare-tsarena ne. Duk wanda ya ce kifin nan yana da aibi, bai je makaranta ba."

Wani dattijon Lomaniwai ya toshe hanci ya ce, "Taubasai, sannunku! Mu mun zo fita makokin sarki, ashe na kifi za a fara."

Dariya ta tashi har cikin jirage. Adi Torika ba ta yi dariya ba. Ta tsaya tana duban tsibin nan da aka yi watanni ana tanadi saboda mijinta, hawaye na bin kumatunta. Sai ta share fuska, ta ce a haƙa rami a binne shi duka, a yanka aladen da ta ajiye don bikin jikarta, a kwaso duk kifin gwangwanin da ke kantin gari. Amma kawakawan nan, ta ce a dafa shi shi kaɗai, a tukunya dabam.

Da yamma aka zauna a kan tabarmi. Mutanen tsibiri, teku a gabansu teku a bayansu, suna cin kifin gwangwani da gwaza, taubasai suna tambaya ko a wane murjani ake kama mai murfi. Can sai ga Adi Torika da kanta, ta taho a durƙushe da akushi a hannu, ta ajiye a gaban Sarkin Awo.

"Ɗana, kai ne babban baƙonmu. Kifin da ka shaida ya fi kowanne lafiya, ba wanda ya cancanci cin sa sai kai. Bismilla."

Ƙin abincin da matar sarki ta miƙa da hannunta abin kunya ne da ba ya wankuwa. Cewa ya ruɓe kuwa, shi da bakinsa ya faɗi ko wane ne zai ce haka. Baki shi ke yanka wuya. Sarkin Awo ya dubi akushin, ya dubi jama'a, ya kai loma. Gumi ya keto masa.

"Madalla," in ji shi. "Wannan... ɗanɗanon kitse ne na asali."

"To ƙara, ɗana. Ga kan ma, naka ne."

Ya ƙara.

Washegari ba a ji lasifika ba. Waisake ya ɗauke shi da sassafe, kuma shi ya dawo mana da labari. Ya ce tun daga bakin murjani har tasha mai girma jami'i bai zauna a kujerarsa ba. Yana rataye a gefen jirgi, kai a ƙasa, yana mayar wa teku amanarta, ƙananan kifaye kuwa suna bin jirgin garke guda suna wawaso.

Kada dai a ce ba mu yi masa adalci ba. A duk shekarun da ya yi yana aiki, ranar ce kaɗai Sarkin Awo ya ƙara wa kifin gundumarmu ƙiba.