Cindo da Goran Irin Albasa

A garinmu na bakin gulbi akwai wani Cindo, ƙato guda har da gemu, amma in ka ce masa ya zauna, to sai ka dawo ka ce ya tashi. Shi da mahaifiyarsa Iya Tambai suke zaune. Ba su da komai sai 'yar fadama da goran irin albasa, wanda da shi suke noman rani su ci abinci. Irin albasa kuwa, da ya sha laima ya mutu.

Wata rana ruwa ya ɗauke, Iya ta ce, "Cindo, duk abin da ya jiƙe ka shanya." Ta dawo daga maƙwabta ta tarar da zannuwa a igiya, ga tabarma, ga kuma agwagwarta a rataye tana fuffuka. Ya ce, "Daga kududdufi ta fito, Iya, sharkaf take."

Wata rana ta aike shi itace. "Busasshe nake so, ban da ɗanye." Sai ga shi da dirkar rumfar Barau mai shayi a kafaɗa. "Na duba ko'ina, babu wanda ya kai wannan bushewa." Rumfar kuwa tana can kwance a kan masu shan shayi. Iya ta ba da haƙuri har ta gaji.

Wata rana ɗaki ya fara yoyo. Iya ta toshe bakin goran sosai, ta miƙa masa. "Kai shi inda ruwa ba zai taɓa shi ba." Ita ɗakin maƙwabciya take nufi. Gogan naka sai ya haye kukar bayan gari, ya cusa shi cikin wani kogo can ƙololuwa. Ta yi faɗa, ta yi lallashi, ya ce atafau ba zai sauko da shi ba sai ruwa ya ƙare.

Ana nan gulbi ya yi ambaliya. Ɗakinsu ya faɗi, na maƙwabciya ma haka, irin kowa ya ruɓe. Wallahi ranar na tausaya wa Iya, tana zaune kan turmi tana hawaye.

Da damina ta wuce Cindo ya sauko da goran. Iya ta girgiza shi, ta ji iri yana kacau-kacau, a bushe ƙayau. Ta rungume ɗanta. "Allah ya yi maka albarka! Gobe sai fadama, mu shuka, mu yi ban ruwa."

Cindo ya fizge goran ya ƙanƙame. "Ban ruwa? Haba Iya, bayan duk wahalar da na sha?"