Yadda Ake Goge Ƙwarzanen Motar Amana da Samfefa Kafin Mai Ita Ya Dawo Daga Makka

Tun da kuɗin mai ya shigo ƙasar nan, mota ta zama kamar akuya, kowane gida mai rufin kwano da tasa a ƙofa. Abin da bai shigo tare da ita ba shi ne sanin abin yi in ta ƙwarzane. Don haka na rubuta maka wannan, kai da aka bar wa mota amana ka yi abin da aka ce kada ka yi. Shekara talatin na yi ina koyarwa a firamare, ban taɓa riƙe sitiyari ba. Amma na ga aikin nan tun daga farkonsa har ƙarshensa a ƙofar gidanmu a Faskari, ina zaune kan tabarmata. Ina ba ka tabbaci, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba mahaluƙin da zai sake tayar da zancen ƙwarzanen.

1. Ka fara samo ƙwarzanen

Ba a sayen samfefa haka kawai. Ga yadda Mamuda, ɗan ƙanena, ya samo nasa. Yayansa Alhaji Nata'ala zai koma Makka karo na biyu, sai ya bar masa makullin farar motarsa, wadda duk Faskari ta san sabuwa ce dal daga Kaduna, tunda ko ledar kujerunta ba a cire ba. Ya ce masa, "Kullum da safe ka tashe ta, ta yi ɗumi, ka kashe. In na iske ta yadda na bar ta, kai ne direbana. In na ga ko sawun farcen kaza a jikinta, ka koma bayan shanun huɗa."

Kwana uku Mamuda yana tayarwa yana kashewa. Rana ta huɗu kasuwar Yankara ke ci. Ya tuƙa ta ya je ya ajiye ta daf da wajen shanu, don can ne idon jama'a ya fi yawa. Wani bijimi ya waiwayo ya ga ko wane ne, ƙahonsa ya ja layi a ƙofar baya, tsawon ɗan yatsa.

Ka riƙe tsawon nan a ranka, za ka yi kewarsa.

2. Ka tafi Funtuwa, amma kada ka yi tambaya

Samfefa takarda ce da aka manna wa yashi, da lamba a bayanta. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi, ta cin tsatsa. Babbar lamba, ɗari huɗu ko ɗari shida, ita ce mai laushi, wadda ake jiƙawa a ruwa a lallaɓa fenti da ita. Duk wannan yana rubuce a jikin kwalin, na karanta daga baya. Mai shago ma zai faɗa maka in ka tambaye shi. Kada ka tambaye shi. Wanda ya shigo yana juya makullin mota a yatsa ba ya tambaya.

Ka ce yadda Mamuda ya ce: "Ba ni wadda ta fi ci."

Mai shagon ya ce, "Ta mene ne, ranka ya daɗe? Garma ko ƙyauren ƙarfe?"

"Ta mota."

"To ai ita mota..."

"Malam, motar taka ce ko tawa?"

Za a ba ka lamba arba'in. Kuma kada ka sayi falle ɗaya. A zamanin nan wanda ya sayi abu ƙwaya ɗaya, kafin ya fita shago an fara tausaya wa iyalinsa. Ka ɗauki kwalin gaba ɗaya, falle hamsin.

3. Ka murza

Masu sana'ar sukan wanke wurin da sabulu, su naɗe takardar a ɗan katako mai faɗi, su bi a hankali suna ɗiga ruwa, suna shafawa da tafin hannu su ji ko ya kwanta. Wannan na masu lokaci ne. Kai saura 'yan makonni jirgin alhazai ya sauka Kano. Ka dunƙule ta, ka murza kamar mai kankare gindin tukunya.

Cikin minti biyu ƙwarzanen zai ɓace, ni shaida ce. A gurbinsa za ka ga tabo kamar faifai. Ka bi gefen tabon don ya saje. Zai saje, amma da wani tabon da ya fi shi. Kafin azahar Mamuda ya cinye ƙofa guda, ya ja da baya yana share gumi.

"Gwaggo, ya kika gani?"

Na ce, "Ƙwarzanen kam babu shi."

4. Ka nemi shawarar dattijo

Kowa zai ce maka in abu ya rikice a nemi babba. Ni na kai shekarun da na san yawancin manyan nan tun suna gudu ba wando, kuma ban ga ranar da hankali ya sauko musu ba. Amma ka nema, don gobe a samu wanda za a raba laifin da shi.

Mamuda ya kira Baba Gide, wanda duk gayyar noman unguwarmu shi ke kiranta. Ya zo ya duƙa, ya daɗe yana kallo.

"Mamuda, mi ya ci ƙofar nan? Gara?"

"Samfefa ce, Baba."

"Ba laifin takarda ba ne, aikin mutum ɗaya ne. Ko gona ce, in kai kaɗai ka kama ta, nan tsab can ciyawa. A goge ta duka rana guda ta zama iri ɗaya, mai fenti ya zo ya rufe. Takardar nawa ta rage?"

"Arba'in da bakwai."

Baba Gide ya miƙe, idonsa ya yi haske. Ya ce, "To kau gayya ta kama."

5. Ka kira gayya

A dama fura mai yawa, a sayo goro, a gaya wa mai gangar noma. Mutum talatin suka amsa wa Mamuda, don yawancinsu ba a taɓa barinsu sun taɓa motar ko da yatsa ba. Aka ba kowa fallensa, aka tsaga masa layi daga gaba zuwa baya yadda ake yi a gona. Ganga ta tashi, mai ganga yana wasa wanda ya wuce 'yan'uwansa, yana zolayar na baya. Ba ka san ƙarfin manomin Faskari ba sai ka ga an kira sunan kakansa yana riƙe da lamba arba'in.

Ka tuna ka gaya musu gilashi ba ya cikin gonar. Mamuda ya manta, shi ya sa har yau madubin gefen direba yake kamar idon mai yanar ido.

6. Ka shirya ganin abin da ke ƙasa

Wannan matakin babu shi a jikin kwali. Samfefa ba ta san inda sirrin mutum ya fara ba.

Da farin ya tafi, sai kore ya fito. Tsakiyar koren ga ratsin rawaya ya zagaye motar kamar ɗamara. A gefen baya kuma ba a iske ƙarfe ba sam, sai cikon nan da masu gyara ke liƙawa inda aka yi karo, kaurinsa kamar yaɓen ɗaki. Ganga ta fara sanyi. Can sai haruffan boko suka bayyana a ƙofar gaba, ganga ta mutu.

Baba Gide ya ɗaga murya: "Malama, taso ki karanta muna."

Mamuda ya dube ni irin duban nan na ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Na sa tabarau. Ban taɓa karanta wa kowa abin da ba a rubuta ba, ba kuma a kan mota zan fara ba.

Na ce, "An rubuta tasi ce. An ce ta ɗauki mutum huɗu, ban da direba."

Wani daga baya ya ce, "Sabuwa dal ɗin?"

Baba Gide ya yi gyaran murya. "Ledar kujerun dai sabuwa ce. Ku kama aiki, ba a barin gayya rabi."

Bayan an sha fura, Mamuda ya roƙe su don Allah maganar ta tsaya nan. Duk talatin ɗin suka yi alkawari. Ka yi haka kai ma, yana da kyau. Kafin la'asar an ji labarin a Ƙanƙara.

7. Sai yanzu ka kira mai fenti

Ƙarfe tsirara ba ya jira. Ruwan ƙarshen damina ya sauka sau ɗaya, motar ta wayi gari ja kamar an tofe ta da goro. Wani ya ce a shafa mata farar ƙasa kafin a ga abin da hali zai yi. Allah ya taimaka Mani mai fenti ya iso daga Funtuwa kafin a kwaɓa.

Ya zagaya ta sau biyu. "Wa ya yi wannan?"

"Gayya."

"Inna lillahi. Da me?"

Aka nuna masa.

"Da wannan nake cin tsatsar tankin ruwa. Ina abin da ya same ta tun farko?"

Mamuda ya ɗaga ɗan yatsa. Mani ya zaro wani guntun lamba ɗari shida daga aljihu, bai kai tafin hannu ba. Ya ce, "Wannan, da kofin ruwa, da ɗigon fenti. Kafin shayinka ya huce."

Kwana takwas ya yi yana bin sawun gayya da mai laushi, ya sa fentin ƙasa, ya sake gogewa, sannan ya fesa fari. Gaskiya ta yi kyau. Ba ta taɓa yin ƙyalli haka ba, ko ranar da aka kawo ta sabuwa dal.

8. Ka tarbi Alhaji

Ka wanke ta, ka ajiye ta daidai inda ya bar ta. Alhaji Nata'ala ya sauka da rawaninsa, gari ya cika ƙofar gida ana barka da sauka, kowa da ladabinsa. Sai dai da ya doshi motar, wani can cikin taro ya yi tari ya ce, "Saura mutum ɗaya a tashi." Mutane da yawa suka sami abin dubawa a ƙasa.

Alhaji ya shaƙi warin fenti. Ya kai tafin hannu ya shafa, ba ƙofar baya ba, ta gaba. Ya kira Mamuda zaure. Ina ciki, na zo karɓar dabinona da zamzam.

"Har ina ka goga?"

"Har ƙasa, Yaya."

"Wa ya gani?"

"Gayya aka yi."

"Da ganga?"

"Da ganga."

Na cinye dabino biyu. Mamuda ya miƙa makulli hannu bibbiyu, yana jiran a ambaci shanu. Alhaji ya dubi makullin bai karɓa ba.

"Riƙe abinka. Ni ba ni ƙara shiga cikinta garin nan."

"Yaya, to zancen direban fa?"

"Direban kanka. Ka mai da ta bakin aikinta."

Yanzu haka tana jigila tsakanin Yankara da garin Sabuwa, mutum tara ban da direba, awaki a but ɗin baya. Hanyar ta yi mata ƙwarzane ba iyaka. Amma na bijimin nan, tun ranar ban ji wanda ya ambace shi ba, ko Alhaji bai san an yi shi ba. Na cika alkawarina.

A kula

Abin da na gani na rubuta, ban ce ka aikata ba. In ka kira gayya aka goge motar yayanka har ƙasa, aka iske ashe tasa da gaske sabuwa ce, ba komai ƙarƙashin farin sai ƙarfe, kada ka zo ƙofata, kada ka aiko matarka. Ni karatu kawai na iya, kuma sai an rubuta. Ka nemi Baba Gide, yana da shanun huɗa biyu masu haƙuri.