Rasuwar Hajiya Lisin, Mai Koyar da Furucin Turanci

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ba ta da sauran wurin ajiye wani, ni Malam Shu'ibu, malamin Turanci a makarantar je-ka-ka-dawo da ke bakin fadama tsakanin Hadeja da Auyo, nake sanar da rasuwar abokiyar aikina, rediyo mai kaset, wadda ɗalibai suka fi sani da Hajiya Lisin. Ta cika ranar Alhamis da hantsi a kan teburin ajin ƙarshe, kaset na bakinta, tana tsakiyar kalma.

Marigayiya ta zo mana tun zamanin wani shirin inganta ilimi da ya zo ya wuce, ya bar ta ita da allon sanarwarsa. Sunanta ya samo asali ne daga kalaman da take buɗe kowane darasi da su, cikin muryar wata Baturiya da ba mu taɓa gani ba: "Listen and repeat." Daga nan sai ta yi shiru ta ba yara wuri su maimaita. A iya zamana da ita ban taɓa jin ta katse ɗalibi ba, ba ta taɓa ce wa wani daƙiƙi ba, kuma ba ta taɓa neman a mai da ita birni ba. Ni duk na yi ukun.

Babban aikinta shi ne raba gajeren wasali da dogo. Ga wanda ya daɗe da barin makaranta, a jarrabawar fita akwai takardar furuci, inda ake ba yaro kalma a rubuce a ce ya zaɓo wadda sautinsu ya zo ɗaya. Sauti ake tambaya, amma ba a jin komai a ɗakin sai ƙarar takarda, don haka abin da kunne ya ajiye shi ke amsawa. Hajiya takan ce "ship", ta numfasa, ta ce "sheep". Ni kuma sai in ce wa yara na farko kamar garin da ake zama ne, na biyu kamar garin tuwo. Da wannan ɗan rabon aikin muka fitar da yara masu yawa.

Ciwon ajalinta ya fara ne shekarar da kogin Hadeja ya shigo mana har cikin azuzuwa. Na ɗauko ta a ka, na sa ta cikin kwalekwale tsakanin buhunan shinkafa, amma duk da haka ta sha ruwa. Rilwanu mai gyaran rediyo a kasuwar Hadeja ya buɗe cikinta ya shanya. Ya ce bel ɗin da ke juya kaset ya ruɓe, kuma rabon da a kawo irinsa tun yana yaron shago, sai ya yanko mata wani daga tiyub ɗin keke. Ta tashi, muka yi murna. Robar nan ce ta riƙa saki a hankali, muryar Hajiya na ƙara nauyi, tana jan kowace kalma. Na ɗora laifin a kan batir. Kullum ina tare da ita, kunnena ya riƙa tsufa tare da muryarta, har Baturiyar ta koma kamar dattijo mai hamma ban ankara ba. Ashe tun farkon zangon karatu ba ta sake furta gajeren wasali ko ɗaya ba. Komai ya koma garin tuwo, yara kuma suna maimaitawa da gaskiya da amana, kamar yadda aka umarce su.

Jarrabawar gwaji ce ta tona mana asiri. Ajin gaba ɗaya ya faɗi takardar furuci, kuma faɗuwa iri ɗaya, kamar an haɗa baki. Wadda abin ya fi ci mini rai ita ce Bara'atu. Yarinyar nan ta ci duk darussan da makarantar ungozoma ke nema tun bara, Turanci kaɗai ya riƙe mata ƙafa, shi ya sa ta dawo maimaita aji. Mahaifinta masunci ne mai magana ɗaya. Ya ce ya ba ta bana, in ba ta samu ba ta koma gindin tukunyar turara shinkafa ta kama wa mahaifiyarta. Babu wanda ya kai ta sauraron Hajiya, don haka babu wanda ya kai ta ɗaukar ciwon. Ta kawo mini takardarta ba kuka ba fushi, ta tambaye ni a ina ta saɓa wa abin da aka faɗa mata. Na duba, ban ga inda ta saɓa ba. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba a aikin nan.

Ranar Alhamis ɗin na sa mata sababbin batura, ina fatan ta gyara ɓarnarta da bakinta. Ta ce "Listen", ta ja shi har ya kai bakin ƙofa. Ta kama kalma ta gaba, sai muka ji ƙurrr, sannan ƙas. Na buɗe na tarar ta haɗiye zaren kaset ɗin har ya naɗe mata hanji. Yara kuwa suna ta jiran abin da za su maimaita.

Ta rasu ta bar kaset ɗaya mai rai wanda babu mai karanta shi, da tsohon biro da ake naɗe mata zare da shi, da tarin batura da muka sha shanyawa a rana. Ta bar wayata, wadda wasu ke cewa ita ce magajiya, alhali muryarta ba ta wuce bencin gaba, balle in ruwa na dukan kwano. Ta kuma bar ɗalibai cike da aji, kowanne ɗauke da muryarta ta ƙarshe a bakinsa, ga jarrabawa ta ƙarato.

Za a yi jana'iza ranar Litinin bayan an tashi daga taron safe. Limamin makaranta ya ce babu salla a kanta, kuma bai yi dariya ba da yake faɗa. Ba za a haƙa mata rami ba, don ƙasarmu ba ta riƙe abin da aka ba ta in damina ta yi nisa. Za a kwantar da ita a sito, kan karyayyun bencina, bayan Rilwanu ya cire lasifikar da ya roƙa.

Zaman makoki a ajin ƙarshe ne, kullum har ranar jarrabawa. Kada a kawo abinci, kada a tsaya yi mini gaisuwa. Duk wanda Allah ya hore wa bakin Turanci, malami ne ko ma'aikacin asibiti ko ɗan bautar ƙasa, daga nan har garin Malam Madori, ya shigo ya tsaya gaban allo ya faɗi gajeren wasali ya faɗi dogon, da ƙarfi, yadda za a ji bambanci. Ni kunnena ba abin yarda ba ne yanzu. In ya tashi faɗa ya juyo ta wajen taga, benci na biyu. Nan Bara'atu ke zama, kuma ita ce ba ta da baɗi.