Rasuwar Ladi, Motar da Ba a Koya Mini Birkinta Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da goshi mai ɗauke da ƙulu, ni Zuhura Musa, malamar firamare a nan Gummi, a madadin maigidana Malam Surajo da Innata da ke Adabka, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motata Ladi, wadda ta cika ranar Asabar da ta wuce da hantsi, a cikin kududdufin da ke bayan filin koyon mota. Na so in ce Allah Ya jiƙanta, sai limamin unguwarmu ya ce ba a yi wa ƙarfe wannan addu'a. To shi ke nan, Allah Ya ji ƙaina ni da na saye ta.

An haifi marigayiya a wata ƙasa mai sanyi da ban san sunanta ba. Ta yi ƙuruciyarta a can, ta yi zawarci a Kwatano, ta yi aure biyu a Sakkwato, kafin ta iso ƙofar gidana ran wata Lahadi, abin da ya sa muka raɗa mata Ladi. Ƙarama ce, ruwan toka, mai kunya, ba ta da ci. In ka ba ta mai kaɗan sai ta wuni da shi ba ƙorafi. Da safe in an murza makulli takan yi gyaran murya, ƙir-ƙir-ƙir, ta yi shiru kamar mai tunani, sannan ta ce buuum. Odarta siririya ce, fiii, ko akuya ba ta tashi saboda ita. Wallahi har yanzu in na ji injin markaɗen maƙwabta ya tashi sai gabana ya faɗi.

Bari in faɗa tun da wuri, don masu cewa gayu ne ya kai ni: ba don gayu na sayi Ladi ba. Inna na fama da ciwon ƙugu, likita kuma ya ce duk wata sai ya gan ta a nan Gummi. Wanda ya san hanyar Adabka ya san abin da nake nufi. Motar haya ba ta shiga sai ran kasuwa, ita ma a cushe da buhuna da awaki. Saboda haka kan kabu-kabu nake ɗauko ta, a sa ta a tsakiya, ni a baya na rungume ta, duk ramin da muka faɗa ina jin yadda take ɗauke numfashi don kada in ji nishinta. In mun iso sai ta yi kwanaki ba ta iya miƙewa. Zuwanta na ƙarshe ta riƙe hannuna ta ce, “Zuhura, in dai bisa babur na, a bar ni da ciwona.” A ranar na rantse mata cewa kafin ruwa ya ɓata hanya zan zo in ɗauke ta da motata, ni da kaina ina tuƙi.

Mota ta samu, saura tuƙi. Nan ciwon ajalin marigayiya ya faro.

Ga wanda bai sani ba, duk Asabar akwai filin ƙwallo a bakin gari inda masu koyon mota ke taruwa. An jera tsofaffin tayoyi da duwatsu an yi hanya mai zagaye, 'yan kallo na zaune a kan katanga suna cin gyaɗa, malamai kuma na tsaye a gindin tsamiya suna jiran ɗalibi. Ba mai tambayarsu lasin. Duk wanda ya rataya makulli a ɗan yatsa yana juya shi, malami ne. Malam Surajo, Allah Ya saka masa, ya ce ba zai bar matarsa da wani ƙato a mota ba, don haka kowace Asabar yana kujerar baya da carbinsa. Shi ma bai iya tuƙi ba, amma hakan bai hana shi ba da umarni ba.

Malamin farko shi ne Lirwanu. Sai da muka yi nisa na gano ɗan kabu-kabu ne, bai taɓa tuƙa abin da ya wuce ƙafa biyu ba. In mun zo kwana sai ya ce, “Malama, kwanta! Kwanta hagu!” Ni ma in karkata, shi ma ya karkata, Malam Surajo ma a baya ya karkata, Ladi kuwa ta miƙe abinta ta tattake tayoyin mutane. Da na tambaye shi yadda ake tsayawa, sai ya dube ni da tausayi ya ce, “Birki ai a hannu shike.” Ya fizgo birkin hannu, Ladi ta yi ƙara, ƙiiiii, ta juya ta kalli inda muka fito. Haka muka riƙa tsayawa har wayar birkin ta tsinke. Tun daga ranar sandar take lilo tsakanin kujeru ba ta riƙe komai.

Na biyu Kawu Dodo ne, ƙanen Inna, wanda ya yi shekaru yana jan tifa yana kwasar duwatsun masu haƙar zinariya a wajen Sunke. Shi dai ya iya tuƙi, ban ƙi ba, amma a idonsa duk abin da ke da taya tifa ce. Giya ba ya sa ta, marinta yake yi da tafin hannu, Ladi ta ce gurrr-ƙaƙaƙ, shi kuma ya ce, “Raki gare ta.” Kwanar da akuya za ta sha da gudu, shi sai ya sa na buɗe har bakin katanga, wai kada bodi ya daki mutane. Wane bodi, Kawu? Batun tsayawa kuwa, tifarsa ba ta taɓa samun birki mai aiki ba, don haka bai yarda da birki ba ko kaɗan. Ya ce a rage gudu da giya, sannan a sa waigi, wato guntun katakon da ake cusawa ƙarƙashin taya. Ya zo da waigin daga gida, ya damƙa wa Malam Surajo. Jama'a, mutum mai gemu, mai limancin sallar azahar a makarantarsu, sai ga shi yana dirowa daga mota tana tafiya, babbar riga a kafaɗa, yana bin taya da katako. 'Yan katanga har tafi suke yi masa. Na yi haƙuri da Kawu don kawu ne, har ranar da ya ce a cika but da bulo don mota ta zauna a ƙasa, sannan na ce masa hutun makaranta ya ƙare.

Kada wani ya ce ban tambaya ba. Na san akwai abin takawa uku a ƙasa, na san na tsakiyar shi ne birki. Na nuna wa Lirwanu, ya ce na ado ne. Na nuna wa Kawu, ya ce shi ke cinye taya. Kaina ya sani, ƙafata ce ba wanda ya bari ta taɓa zuwa wurin.

Sai aka ce in nemi Mas'ud, direban haya na gaske, mai bin hanyar Anka zuwa Gusau. Kowa ya yabe shi. Aka ce in ya bar tasha, kafin ka gama amsa sallamar ɗan kamasho ya ɓace. Na yi murna, na ce yau dai na samu mai lasin. Ranar da ya shiga Ladi, abin da na fara roƙonsa ke nan, na ce, “Malam Mas'ud, don Allah fara koya mini birki.” Ya juyo ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa. Ya ce, “Mi za ki yi da birki? Hajiya, wagga hanya tamu birki shi ka sa a kama mutum. Rami, taka. Kwana, taka. Kin ga an tare hanya, taka. Sai kin iya gudu kana mu zo ga tsayawa.” Malam Surajo daga baya ya ce, “Gaskiya ne.” Ban san yaushe ya zama masani ba.

Haƙiƙa Ladi ta yi gudu a hannun Mas'ud, gudun da ba ta yi ba tun tana budurwa. Na zagaya filin nan har na daina ganin fuskokin 'yan katanga, sai kalar rigunansu. Idan lokacin tashi ya yi, shi ne zai kashe makulli, mu gangara har mu tsaya inda Allah Ya tsayar da mu. Duk Asabar in ce, “Yau birki?” ya ce, “Sati mai zuwa.” Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, ga Inna na aiko mini da saƙo ta bakin masu zuwa kasuwa cewa ta wanke zanen fita ta ajiye.

Ranar da abin zai faru, muna cikin zagaye, giya ta uku, sai ga babura sun shigo filin ta bayan tsamiya, da yawa, kowane ɗauke da mutum uku, suna tayar da ƙura. 'Yan ƙwallon Bukkuyum ne suka zo wasa, har da ƙwallo a raga a hannun na gaba. Ni na gani, 'yan katanga sun gani. Mas'ud bai ga ƙwallo ba. Babura ya gani, mutum uku-uku, irin hawan 'yan bindigar daji. Fuskarsa ta canza, ya daka tsawa, “Su na! Taka! Taka mata!” Na taka, don abin da aka koya mini ke nan. Ladi ta yi kuka, wuuuuu, ta bar hanyar tayoyi ta nufi bayan fili. Na ce, “Malam, kududdufi!” Na waiga, ƙofa a buɗe, kujera ba kowa. Malamina ya dire ya faɗa gonar gero. Na fizgo birkin hannu, ya biyo ni ba nauyi. Na karkata hagu. Malam Surajo na ta salati yana lalube ƙarƙashin kujera yana cewa, “Ina waigin? Ina waigin?” Ƙafata ta tashi neman na tsakiya, ta rasa hanya, ta koma inda ta saba.

Kalmar ƙarshe da marigayiya ta furta ita ce bulbul-bulbul.

'Yan ƙwallon nan su suka ciro mu, ni da ƙulu a goshi, Malam Surajo ba hula ba carbi. Bakanike ya zo ya buɗe bonet, ya leƙa, ya girgiza kai ya ce injin ya sha laka har ya ƙoshi, sai haƙuri. Mas'ud bai dawo ba sai bayan la'asar, da takalmi ƙafa ɗaya, yana tambaya a hankali, “Sun tahi?” Daga baya na ji cewa 'yan bindiga sun taɓa tare shi a hanyar Anka, ya yi makonni a hannunsu a daji kafin ya fito. Na tausaya masa, har ga Allah, kuma ban ga laifin ƙafarsa ba. Bakinsa da ya ce shi malami ne, shi nake ƙullace da shi.

Duka ukun sun zo mini gaisuwa. Lirwanu ya ce da an gyara birkin hannu da ba a yi haka ba. Kawu Dodo ya ce rashin bulo a but ne. Mas'ud ya ce da na ƙara wuta da mun tsallake kududdufin. Abu ɗaya suka haɗu a kai, suna shan kununa, a kan tabarmata: wai tuƙi ba na mata ba ne. Ni dai na ɗauke kwanon kunun. Ina kuma sanar da jama'a cewa Asabar mai zuwa ukun nan suna gindin tsamiya suna juya makulli. Duk wanda zai miƙa musu motarsa, ya fara sa su nuna masa yadda ake tsayawa, kuma ya tabbata mota na tsaye lokacin.

Marigayiya ta rasu ta bar tayoyi huɗu, biyu daga ciki masu sauran kwana, da safaya wadda ba ta taɓa taka ƙasa ba, da jak, da madubi ɗaya, da rediyon da tun zuwanta tasha ɗaya yake kamawa. Ta bar waigi, wanda aka tsinta yana yawo a kan ruwa lafiya lau. Ta kuma bar ni.

Game da jana'iza, wanka dai an riga an yi mata a kududdufi. Za a ɗauki gawa ranar Alhamis da safe daga bakin fili, a kan amalanken shanu, zuwa wurin 'yan gwangwan da ke bayan tasha, inda za a raba ta ga mabuƙata. Zaman makoki a gidana ne. Malaman nan uku an yafe musu zuwa, in kuma sun matsa, su zo a ƙafa.

Abu ɗaya ne ba za a kai wa 'yan gwangwan ba. Jiya na yi ta maza na kira Inna na faɗa mata. Ta tambaye ni ko na ji ciwo, na ce a'a. Ta tambayi Malam Surajo, na ce hularsa ce kawai ta tafi. Na ce, “Inna, ranar asibiti ta matso, sai dai mu sake hawa babur.” Ta ce, “To, Allah Shi kai mu.” Sannan ta ce, “Zuhura, kujerar da za ni zama, ita ma ta mutu?” Na ce tana nan, ta jiƙe ne kawai. Ta ce, “A shanya ta a kawo min. Na hwaɗa ma mutanen Adabka duka za ni shiga motar ɗiyata. In zauna ko sau guda.”

Saboda haka za a kwance kujerar gaba kafin a ɗauki gawa. Duk wanda ya haɗu da ɗan kabu-kabu a hanyar Adabka ranar Alhamis, da kujerar mota ɗaure a bayansa ba kowa a kai, don Allah kada ya yi dariya. Ya ba shi hanya.